Ajiyar Ramlat a Hanyar Hatta

Wanda ya ɗauki hoton nan ya san kansa, kuma wallahi ya taɓa cin abinci a ɗakina. Ya ci! Babu wanda ya san inda nake bi da ita bayan sallar asuba sai wanda ya taɓa kwana a kan katifata a unguwar Al Buteen, nan ƙasar Larabawa, ya sha shayina, ya yi wanka da sabuluna. Bakin ruwa, bayan inda jirage suke lodi. Ni Badaru na sunkuya da leda a hannu ina kwashe kashin karya, shi kuma ya laɓe bayan buhuna ya saita waya. Ƙaramin mutum kawai! Kafin azahar hoto ya gama zaga wayoyin 'yan kasuwar Kano, har da rubutu a ƙasa: ga mai yi muku kargon darduma.

Kwanta. Ba da ke nake ba.

Ka ji irinta. Ko a zuci na ɗaga murya sai ta sani. Ga ta can a kujerar baya ta ɗago kai, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a karye, tana kallona ta madubi. Kwanta, Ajiya. Saura kaɗan mu isa garin Hatta. Yashi ya ƙare, duwatsu sun fara, baƙaƙe ƙirin kamar an babbake su...

"Badaru, ni ba na son dogon zance." Alhaji Abdulganiyyu ke nan a waya, shekaranjiya, daga Kantin Kwari. "Darduma nake sayarwa, da jallabiya, da hijabi. Abin da mutum zai ɗora goshinsa a kai. Ka rabu da ita kafin Litinin, ko in kai kayana wani wurin." Khalas, magana ta ƙare. Kuma inda Alhaji ya juya, can sauran za su bi, na san su kamar yunwar cikina. Shekara goma sha tara ina ɗaure musu kaya a kasuwar Al Sabkha, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Na ce Alhaji, ba ta taɓa taka sitona ba, ko ƙofar ba ta sani ba. Ya ce, "Hannunka fa? Shi ma bai taɓa taka siton ba?"

To yau Asabar. Ga ni a hanya. Sanda yana jira — mutumin Damagaram ne, yana kiwon awaki a gonar wani Balarabe. Ya ce a kawo ta, dila yana damunsu, za ta yi gadi. Shi ke nan kowa ya huta.

Kowa...

Kuma laifin wa? Nawa ne. In zan yi gaskiya, nawa ne. Mu 'yan kargo abin da muka iya ke nan: sa sunana. Hajiya za ta aiko da gwala-gwalai, sa sunana. Ɗalibi zai karɓi kilishi, sa sunana. Ba ka tambaya, tambaya ai zargi ce, mutum zai ce ka ɗauke shi ɓarawo. Ramlat ta ƙwanƙwasa ƙofa — ma'aikaciyar jinyar nan 'yar Zariya da ke fulat ɗin da ke kallon nawa — "Kawu, katina na zama a ƙasar nan yana wurin sabuntawa, ka ara mini sunanka, akwai abin da zai iso mini daga Alkahira." Na miƙa mata kati ban ko kalle ta ba. Lamba ta shigo wayata, na karanto mata. Ni da na koyi Turanci a jikin kwali, na koyi Larabci a bakin direbobi, ni da nake kama kuskuren takardar kwantena tun daga nesa, ban karanta layi ɗaya na saƙon ba!

Har yau tana rantsuwa ta faɗa mini. "Kawu, sau biyu na ce maka kare ne. Kana zagin mai tura baro a ɗaya wayar." Ƙila. Ya yi kama da ni.

Wurin karɓar kaya a filin jirgi. Bafilipine ya turo keji a kan baro, ya ce mabruk, wato barka. Mabruk na me? Na leƙa. Ƙashi da fata, launin ƙasa, idanu sun fi kan girma, wuya da tabo zagaye kamar an yi mata sarƙa. Wayar ƙarfe yara suka ɗaure ta da ita a bayan wata bola a Alkahira, wai, har ta nutse cikin nama, wasu mata masu tsintar karnukan titi suka yanke, suka yi jinyarta. Wata bakwai da haihuwa. Tana da fasfo! Da hoto, da hatimi, da allurai a jere. A shekarar da Jummai matata take ta neman biza ta zo ta gan ni, shiru. Na tsaya a wurin ina surfa wa Ramlat bala'i har 'yan sanda suka fara waigowa.

Bayan sati uku, asibitin su Ramlat ya ƙi sabunta mata kwantiragi, dole ta koma Zariya. Ta zo da akwati a hannu ɗaya, igiya a ɗaya, ido ya kumbura. "Kawu, Baba ba zai bari ta shiga gidanmu ba. Kuma 'yar na'urar da ke cikin fatarta, sunanka take karantawa." Sunana. A cikin wuyan karya. Badaru, jikan limamin unguwa!

Da na so, da na sake ta a titi. Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye ba. Amma kayan da ya iso da sunanka, yana wuyanka har mai shi ya zo — ban san wata ƙa'ida ba bayan wannan, da ita na ci, da ita na aurar da ƙannena. Shi ya sa ban raɗa mata suna ba. Ajiya ce. Ajiyar Ramlat. Sai sunan ya bi ta.

Wannan babbar motar, matsa mini mana, ɗan...

A'a. A'a, Ajiya. Ga shi na yi shiru. Shwaiya, shwaiya, a hankali. Wuce abinka, direba, Allah ya kiyaye hanya.

Kin gani? Wannan ne abin da hoton bai ɗauka ba.

Ranar farko a ɗakina. Na yi mata shimfiɗa da kwali a lungun kicin, na wanke hannu har fata ta yi fari, na rufe ɗakin sallata. Waya ta yi ƙara, wani ya lodo mini kwali talatin ba lamba. Na buɗe baki yadda na saba. Ban kai zagi na uku ba na ji ɗumi a ƙafata. Fitsari. Ta saki fitsari a tsaye, ta ja ciki ta shige ƙarƙashin gado, can ƙurya, tana karkarwa har gadon yana motsi. Awa huɗu. Na tura mata kaza da tsintsiya, ta ƙi. Na durƙusa — ni, da gwiwar nan tawa — na sa kumatu a ƙasa, na ga idanu biyu a cikin duhu. Ba fushi a ciki. Jira kawai take yi. Tana jiran dukan da ta san yana biyo bayan irin wannan muryar.

Ban taɓa dukanta ba. Ban taɓa dukan 'ya'yana ba ma, Allah shaida. Kullum abin da nake kare kaina da shi ke nan: baki ne kawai, ai ba na duka.

Baki ne kawai...

Don kada in riƙa wanke daɓe na fara sauke murya, ba don Allah ba, ba don tausayi ba. In waya ta shigo in fita baranda. Baranda zafi, digiri arba'in da biyar, sai in dawo in yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai neman aure. Masu tura baro suka fara kallona. Wani Bapakistane ya taɓa mini goshi, ya ce ko zazzaɓi ne. Likita ya auna hawan jinina ya sake aunawa, ya ga ya sauka, ya ce wane magani na canza? Me zan ce masa? Karya ce daga Masar?

Na je na sami limamin masallacinmu, ɗan Murtaniya, mazhabarmu ɗaya, na tambaye shi hukuncin kare. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma na zauna a zaure, na san abin da na ji. Ya ce haka ne, a wurinmu abu mai rai ba najasa ba ne, kwanon da ya lasa a wanke sau bakwai. Har na fara murna. Sai ya ɗaga yatsa: amma ajiye kare ba don gadi ko kiwo ko farauta ba, lada yana raguwa kullum. Kullum, Badaru. Bai sassauta mini ba, ni ma ban nemi ya sassauta ba. Don haka kada wani ya ce ina cewa na fi kowa gaskiya. Gonar Sanda ita ce daidai. Can tana da aiki, tana da hujja. Ni kuma in koma mutum a idon Kwari.

To me ya sa nake tafiya sittin a hanyar da ake ɗari da ashirin?

"Malam, lafiya kuwa?" Jummai ke nan a waya, wata na uku da zuwan Ajiya. "Muryarka ta sauka. Ko an kore ka ne?" Shekara ashirin da shida da aure, ta ji ni a hankali ta ɗauka masifa ce ta same ni. Daga nan sai wayar ta fara tsawo. Da minti biyu ne: an karɓi saƙo, yara lafiya, sai anjima. Yanzu har labarin maƙwabta. Ashe Jummai tana da ban dariya! Ashe tana kwaikwayon tafiyar mutane. Ina nake duk shekarun nan?

Sai Ummulkhair. 'Yata ta fari, tana aji uku a jami'a, wadda ban taɓa jin ta haɗa jimla biyu a gabana ba. Ita ta kira da kanta. Da kanta! Muka yi ta hira, na ba ta labarin ƙarƙashin gado ina dariya, ita ma tana dariya, sai ta ce, a cikin dariyar, kamar ba komai ba:

"Ai Baba ni bayan firij nake shiga. In ka dawo hutu. Akwai ɗan wuri tsakaninsa da bango, daidai ni."

Daidai ita.

Na ce network ya yanke. Bai yanke ba.

Wa ya taɓa faɗa mini? Malamai sun yi wa'azi a kan fushi ina gyaɗa kai a sahun gaba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta yi har ta gaji. Mutane in ka daka musu tsawa sai su haɗiye, su yi murmushi, su ce ba komai Alhaji, su tafi da shi a ciki. Ita wannan ba ta iya haɗiyewa ba. Ta zubar mini da shi a daɓe, na taka da ƙafata, na gani. Alhamdu lillahi. Ban san yadda ake gode wa karya ba, ba a koya mana ba. Allah nake gode wa, da ya toshe mini kunne ranar da Ramlat take magana. Da na ji, da na ce a'a, da zagi a kai. Ramlat ma Allah ya ba ta miji nagari. Matan Alkahira da ban san sunansu ba, da suka tsuguna a bola da almakashi... ku ma.

Ga kwanar. Dabino, katangar dutse, ƙofar ƙarfe shuɗiya. Warin awaki har cikin mota. Ta miƙe tsaye, hanci a jikin gilashi, jela tana kaɗawa. Wawuya! Kin ɗauka yawo muka zo.

Wurin ba laifi. Ba laifi, Badaru, ka daina neman aibu. Akwai inuwa. Akwai ruwa a kwatami. Ga sarƙa a gindin dabino, sabuwa, don ita ya saya, bawan Allah. Sarƙa dai... a wuyan nan? Zan ce masa ya sa a ƙirji. Zan ce masa ba ta cin albasa. Zan ce masa kada ya... me? Kada ya yi magana da ƙarfi? Makiyayi? A gona?

Ga Sanda nan tafe, dogo, da rawani, yana murmushi. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida. "Barka da hanya, Alhaji. Bon, ita ce wannan?" Ita ce. Sauko, Ajiya. Yalla. Ƙasa da zafi, na sani, taka a hankali.

Wayata tana rawa a aljihu. Ba sai na duba ba. Alhaji Abdulganiyyu ne, yana so ya ji an gama.

Sanda ya miƙo hannu zai karɓi igiya. Wani bunsuru ya tura kai cikin buhun dusa a bayansa, ya waiga ya daka masa tsawa, "Kai! Fita nan!" Tsawar makiyayi, ba mugunta, ko rabin tawa ta da ba ta kai ba —

Igiya ta yi sako-sako a hannuna.

Ga motar a buɗe. Ga ƙarƙashinta, duhu, sanyi, irin wurin da take so. Ga kwatami, ga bayan katanga. Ba ta je ko ɗaya ba. Tana bayan ƙafafuna. Ta cusa kai a tsakanin gwiwoyina ta baya, jikinta duk yana ɓari, ina jin zuciyarta a ƙwaurina, dif dif dif. Ni ta zaɓa. An yi tsawa, ta duba duniyar nan kaf, ta ce wurin Badaru ne lafiya.

Shekara hamsin da huɗu ana gudu daga wurina.

"Alhaji? Igiyar."

Na ji, Sanda. Ka ɗan ba ni... hannun ne ya ƙi buɗewa. Litinin jibi ce, na sani. Sito, ma'aikata, sunan da na gina, makarantar Ummulkhair ɗin ma daga dardumar Alhaji Abdulganiyyu take fitowa, duk na sani. Ban ce ba zan bayar ba. Ban ce zan bayar ba. Na gaji ne kawai, ga rana, ga wayar nan ta ƙi yin shiru...

Amma ku da kuka ga hoto kuka yi tofi, ku da kuka san ni tun ina dako a Sabon Gari, ku duba da kyau. A cikin duk mai rai da Allah ya haɗa ni da shi, mata, 'ya'ya, ƙanne, abokai, wannan ce ta farko da tsoro ya kama ta ta gudo wurina. Ta farko. In akwai wanda ya san wata kafin ita, ga ni tsaye a ƙofar gona, ya fito ya ƙaryata ni.