Difloma a Shafi na Biyu

Shekara goma sha ɗaya Murtini ta yi tana karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin ƙauyensu a kan aikin wucin gadi. Da gwamnatin gunduma ta buɗe gurbin ungozoma biyu a bana, ta san damarta ta ƙarshe ke nan. Watan gobe za ta haura shekara talatin da biyar, daga nan kuwa ba a ƙara karɓar takardar mutum.

Ranar da sakamakon tantancewa ya fito, sai ga ja a gaban sunanta: ba ta cika sharaɗi ba. Wai difloma aka nema, ita kuma digiri ta kawo. Digirin da ta sha wuya ta ƙaro a kan diflomarta, tana karatu da goyo a baya! Kwana uku kacal aka bayar na ƙorafi. Washegari mijinta Darmaji ya goya ta a babur har ofishin ɗaukar ma'aikata, ya tsaya a waje yana gadin hulunan kwano.

Jami'ar da ke kan tebur, Bu Sulasmi, wato Malama Sulasmi, dattijuwa ce mai tabarau, ba ta ko ɗago kai ba.

"Mbak," ta ce da ita, kamar yadda suke kiran matashiyar mace, "ke ce ta tara tun safe. Doka ta ce difloma."

"Haba Bu, wanda ya ɗauki buhu zai kasa ɗaukar kwano?"

"Ni ban ce za ki kasa ba. An aiko ni sayen kwano, in koma musu da buhu?"

Murtini ta ji kamar ta kurma ihu. Ta haɗiye, ta ce ai tana da diflomar, ga ta ma a jaka.

"A jaka ba ta da amfani. Ba a karɓar sabuwar takarda a ƙorafi, sai abin da kika ɗora a intanet tun farko." Duk da haka ta nemi lambarta, ta buɗe fayil ɗin. Sai ta gyara tabarau. "Wa ya ɗora miki wannan?"

"Mijina."

"Shafi goma sha huɗu a gurbin takarda ɗaya? Har da shaidar aure! To ga diflomar taki a shafi na biyu. Wanda ya tantance, na farko ya gani ya rufe."

Murtini ta tuna faɗan da ta yi wa bawan Allahn nan da ya kwashi komai na cikin kabad ya kai shagon kwafi, har ta ce masa mai kan kwakwa.

"Kuskuren namu ne," in ji jami'ar, "ƙorafinki zai shiga. Rubuta: a duba shafi na biyu. Kada ki ƙara ko kalma, na san ku da dogon labari."

Nan take Murtini ta rubuta a wayarta, ta tura. Ta ɗago da murmushi, ta shiga jero godiya.

"Kada ki yi saurin murna," in ji Bu Sulasmi. "Ba aiki na ba ki ba, kujerar jarrabawa ce. Ku ɗari uku ne a kan gurbi biyu."

"Na ji, Bu. In zan faɗi, a bar ni in faɗi da hannuna."