Asabar Biyu

Crisanto ya sake zana layi a bayan takardar jirgi, ya tura ta gaban mahaifiyarsa.

"Nanay, duba. Zan tashi daga Manila ƙarfe huɗu na yammar Asabar. Awa sha biyu a sama. In sauka Vancouver ƙarfe ɗaya na rana. Ranar Asabar."

Nanay Soling ta ɗago daga tukunyar taliya. "Ka tashi da yamma ka sauka da rana? Jirgin da baya yake tafiya?"

"Agogonsu ne ke bayan namu."

"To su saya sabo mana."

Ranar Asabar Nanay Soling take cika shekara saba'in. Ranar kuma aurensa da Marivic, wadda ke aikin jinya a Kanada, ke cika goma, ta kuma rantse in bai zo ba a bana kada ya sake zuwa. Kowace ya yi mata alkawarin Asabar. Sati biyu yana juya maganar a ransa: in mutum ya ba mutum biyu abu ɗaya, kowa kuma ya karɓa, ya yi ƙarya ko bai yi ba? Bai samu amsa ba, amma ya samu tikiti.

Ranar bikin ya zauna kusa da mahaifiyarsa ya ci doguwar taliyar da ba a yankawa don kada a yanke wa mai biki kwana. Kwano uku ta ɗura masa. Ƙarfe ɗaya ya ɗauki jaka.

"Ko waƙa ba a fara ba!" in ji ta. "Je ka, mai Asabar biyu. Ni da na haife ka rabi na samu." Ta danna masa robar taliya a hannu. "Ka kai mata, ta ga yadda ake yi."

Kilomita fiye da dubu goma ya yi yana kallon ɗan jirgin da ke rarrafe a taswira. Da suka tsallaka tsakiyar teku ranar ta koma baya, ya ji wani sanyi a ransa, kamar an yafe masa laifi.

Marivic na tsaye a bakin fita, da rigar aiki, waya a hannu.

"Ga ni," ya ce, yana nuna mata babban agogon bango. "Asabar. Ɗaya da kwata."

"Nanay ta kira ni. Ta ce ka ci kwano uku." Ta kalle shi sama da ƙasa. "Santo, a ina aka ɗaura mana aure?"

"A Manila mana."

"Yanzu wace rana ce a Manila?"

Ya ƙirga da yatsu. Lahadi.

Ta karɓe robar daga hannunsa ta buɗe, ta ja silin taliya ɗaya, dogo, ta tsotse shi har ƙarshe ba tare da ta yanke ba.

"Gishiri ya yi yawa," ta ce. "Ɗauko jakar, mota na can."