Hannayen Safina

A Zongon Lome, in aka ce ƙunshi, sunan Shamsiya ake kira. Mata kan taso tun daga unguwar Totsi su zauna a tabarmar ƙofar ɗakinta su miƙa hannu. Lallen gargajiya sai mace ta yini da hannu a ɗaure kafin ya yi ja. Nata kuwa kafin a sauke tukunya ya yi baƙi wuluk. Sirrin ba wani abu ba ne, garin rinin gashi take barbaɗawa cikin kwaɓin. Shekara bakwai tana dama shi da yatsunta, ko ƙurji ɗaya bai taɓa fito mata ba.

Ƙanwarta Safina gyaran gashi take koyo a shagon Madam Akosiwa, wata 'yar ƙabilar Ewe mai faɗa da tausayi. Shekara uku Safina tana shara da wankin tawul, har ta kai duk wadda ta zo rini ita ake miƙa wa, don hannunta ba ya rawa. Madam ta riga ta ce in ta buɗe sabon shago a unguwar Aveji, kujerar rini ta Safina ce.

Da ƙaramar Sallah Shamsiya ta yi wa ƙanwarta baƙin ƙunshi kamar yadda ta saba. Bayan kwana biyu zanen ya tashi, kowane fure ya kumbura a inda aka zana shi, ga ƙaiƙayi kamar ta cire fatar. Shamsiya ta je kantin magani wurin Malam Amidu. Ya miƙo mata wani man shafawa a ɗan bututu, amma bai saki ba sai da ya yi magana.

"Hajiya, wannan akwai kotizon a ciki. Wuta yake kashewa, ba ya hana ta sake tashi. Duk abin da ya taɓa hannun nan, kada ya ƙara taɓa shi."

"To, Malam likita ba asibiti," in ji ta tana dariya.

Kwana huɗu fata ta kwanta sumul. Shamsiya ta riƙe rabin maganar, wato akwai mai, ta bar sauran a kantin. Daga baya in yatsun Safina sun yi ƙaiƙayi a shago, duk da safar hannu da take sawa, sai ta ɗan shafa man, shi ke nan.

Aka sa ranar liberasiyon, bikin da ake 'yanta mai koyon sana'a a ba ta takardar shaida a gaban jama'a. Asabar za a yi. Ranar Juma'a bayan la'asar Safina ta faɗo gida a guje, tela na jiranta, ta zube a tabarma.

"Yaya, ja kawai. Kada ki sa min wannan baƙin naki."

"Ji matsoraciya! Ke da kike rina kan matan ministoci?"

"Da safa nake yi. Ni dai ja. Ki rantse."

"Sai na rantse a kan lalle? Miƙo hannu, auta."

Shamsiya ta shiga ɗaki kwaɓi. Ta dubi rana, ta ga ja ba zai samu lokacin kamawa ba. Ta tuna masu hoto, ta tuna matan shago da za su kama hannun su juya, su ce ai ƙanwar Shamsiya ce. A ce hannun ya fito fari-fari kamar na wadda ba ta da kowa? Ta ɗebi rabin cokali na garin rini. Rabi kawai, ai ga mai nan a kan taga.

"Ya na ga ya yi duhu?" in ji Safina.

"Ganyen shayi na dafa da lemun tsami."

Ba ta taɓa yin zane mai kyan wannan ba. Furanni suka hau tun daga yatsu har gwiwar hannu.

Da safe hannayen sun kumbura, zobe ya ƙi shiga. Shamsiya ta shafa man, ta ƙara shafawa. A wurin biki, da Madam ta miƙo takardar, yatsun Safina suka kasa lanƙwasuwa. Mahaifiyarsu, Mma Kulsum, ce ta taso ta karɓa, mutane suka ɗauka girmamawa ce, suka yi ta tafi. Kafin Litinin furannin sun ɗuri ruwa suna fashewa, fatar idon Safina ma ta kumbura.

A asibiti likitar fata ta juya hannayen a hankali, ta yi tambaya da Faransanci. Shamsiya da Mma ba su yi boko ba, don haka Safina ce ke fassara.

"Ta ce me aka sa a kwaɓin?"

"Lalle zalla," in ji Mma. "Yayarta ce ta yi mata da hannunta."

Likita ta girgiza kai ta yi magana mai tsawo. Safina ta ce, "Ta ce lalle zalla da wuya ya yi haka. In da rini a ciki a gaya mata, don in shi ne, duk ranar da na sake taɓa shi abin zai fi wannan muni. In babu, za ta nemi dalili a wani wuri, in koma aikina."

Shamsiya ta dubi ƙasa. In ta yi shiru, Safina za ta koma kan kwanon rini ranar da hannun ya warke.

"Na sa," in ji Shamsiya. "Rabin cokali. Da Sallah ma shi ne."

Mma ta ce, "Innalillahi." Likita na jira, don ba ta jin Hausa. Safina ta daɗe tana kallon yayarta. Sannan ta juya, ta mayar da maganar Faransanci da bakinta.

Likita ta karɓi bututun man ta duba. Ta ce man ba shi da laifi, aikinsa ya yi, sai dai ya rufe bakin gargaɗin da jiki ya yi tun da Sallah. Jiki yana da riƙo, in ya tsani abu sau ɗaya ba ya mantawa. Bayan makonni aka manna wa Safina 'yan ƙananan filasta a baya don gwaji. Ta rinin ce ta tashi ja jawur.

Kujerar Aveji wata yarinya aka ba. Madam ta zo har gida da kwandon abarba, ta yi kuka, ta ce a shago rini ko'ina yake, a tawul, a mataji, a bakin famfo. Takardar shaida tana rataye a ɗakin Mma. Safina na yi wa yaran unguwa kitso a gindin mangwaro. Ƙurajen sun warke, amma zanen ya zauna, tabo mai duhu, fure bayan fure, kowa ya gani ya san hannun wa ya zana.

Shamsiya ta zubar da garin a kwata. Matan Totsi suka koma wurin wata mai baƙin ƙunshi.

Da babbar Sallah ta matso, ta sayi ganyen lalle ta daka da kanta, ta tankaɗe a tsakar gida inda kowa ke gani. Ta kwaɓa, ta ɗauki kwanon ta je gindin mangwaro.

"Auta, ja ne. A gabanki na daka."

Safina ta leƙa kwanon.

"Na gani, Yaya. Ya yi kyau."

Ta mayar da hannayenta kan kitson da take yi. Shamsiya ta tsaya da kwanon har saman kwaɓin ya fara bushewa.