Littafin da Baƙo Ya Manta a Ɗakin Hajara

Ga ta nan, ga ta nanku. Kun ce ta zo ku ji ta? To ku matso, amma yau babu dariya.

A unguwar Hindawiyya, a ƙasa mai tsarki, muna da maƙwabciya, Hajara mai gyaɗa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Rumasa'u. Lokacin ba a daɗe da buɗe makarantun 'yan mata ba. Rumasa'u ta gama ta farko, har an ɗauke ta a ta horon malamai.

A shekarar ne wani Bamisire ya sauka a ɗakinsu da aikin Hajji, ya tafi ya manta littafi. Hajara ba ta karatu, amma kun san mu, ba ma barin rubutun Larabci a ƙasa. Ta naɗe shi a ƙyalle mai tsabta, ta ce Rumasa'u ta riƙa karanta mata bayan la'asar don neman lada.

Ashe labarin Amurka ne aka mayar Larabci. Yarinya tana karantawa, tana juya mata da Hausa. Mata biyu ne a ciki. Ɗaya kullum tana bakin murhu, ba a ji muryarta ba har ta tsufa lafiya. Ɗayar ta yi karatu, ta zama malama, gari ya tsane ta, ta mutu ita kaɗai a ɗakin haya.

Hajara ta daina cin abinci. Rumasa'u ta yi ta gaya mata ƙirƙira ce, kamar tatsuniya. Uwar ta ce tatsuniya a baki take, wa zai ɓata tawada da Larabci a kan ƙarya?

"Ummi, namiji ne ya rubuta," in ji Rumasa'u. "Shi ya kashe malamar. Ko sau ɗaya bai bari ta faɗi nata ba."

"Ni dai ba zan binne ki ba," in ji Hajara. Ta ce makaranta ta ƙare ke nan.

Ni ma da aka tambaye ni, na goyi bayan uwar. Allah Ya yafe mini.

Ranar shiga makaranta ta zo ta wuce, Rumasa'u tana ɓarar gyaɗa. Ba ta yi kuka a gabanmu ba.

Sa'adatu, ƙawarta da suka ci jarrabawa tare, ta zama malama a unguwar Zahir, ta yi aure, 'ya'yanta shida. Hajara ta rayu ta ga haka, ta nemi gafarar 'yarta kafin ta rasu. Rumasa'u ta yafe, ta gaji tiren gyaɗa, tana nan da shi har yau.