Ganye Uku a Tukunyar Pa Bunruan

Shekara talatin da ɗaya Pa Bunruan, wato Inna Bunruan, tana jefa ganyen wiwi uku a tukunyar romonta, kuma babu wanda ya sani in ban da duk mutanen lungun. Haka uwarta ta yi tun tana sayar da taliya a cikin kwalekwale. Ganye uku a tukunyar da za a iya yi wa yaro wanka a ciki, ko kyanwa ba za su juya wa kai ba. Amfaninsu kawai su zaunar da ɗanɗanon naman sa, su sa harshe ya ƙi mantawa.

Sai hukuma ta halatta wiwi. Kafin wata biyu, shagon tela da na mai gyaran agogo a wannan lungu na unguwar Banglamfu sun koma shagunan tabar wiwi, kowanne da koren ganye mai walƙiya a bakin ƙofa. Masu jawabi a rediyo suka ce an 'yanta talaka. Pa Bunruan dai ba ta san a ɗaure take ba.

Wata safiya ma'aikaciyar lafiya ta zo, yarinya mai tabarau da jakar takardu. Ta haɗa tafukanta a ƙirji ta gai da Pa Bunruan.

"Pa, ana sa ganye a abincin nan?"

"Ana sa na albasa."

"Haba Mama!" in ji 'yarta Orathai, wadda ke tsane taliya a gefe. "Yanzu fa ba laifi ba ne. Ana sawa, ranki ya daɗe, tun kafin a haife ni."

Ma'aikaciyar ta yi murmushi ta ce babu komai, doka ta yarda. Sharaɗi ɗaya ne: a rataya allo inda kowa zai gani, a rubuta cewa akwai wiwi a abincin, a gargaɗi masu ciki da masu shayarwa da wanda bai kai ashirin ba. Orathai ba ta yin abu rabi. Allon da ta sa aka zana ya fi ƙofar shagon faɗi, har da rubutun Turanci.

Turawa suka zo. Kowanne da wayarsa a hannu yana karanta abin da aka yarda da wanda aka hana: kada ka busa a titi, kada ka tsallake iyaka da ita. Ba wanda ya rubuta musu cewa kada su kwana a kan kujerar mai taliya. Sai su shanye kwano, su jingina da bango, su zura wa tafin hannunsu ido suna jiran abin ya zo. Wani mai jan gemu ya yi awa ɗaya da rabi, sannan ya taso yana magana da ƙarfi.

"Me yake cewa?"

"Wai bai ji komai ba, Mama."

"Bai ji kirfa ba? Bai ji ɓargo ba? Tun asuba nake kan ƙashin nan!"

"Wai a kansa."

"Ki ce masa abinci ciki yake tafiya. In kai yake so, ga shagon tela can."

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya hana ta sukuni shi ne teburin da ke kusa da tukunya. A nan tsofaffin lungun ke zama kullum da hantsi tun rasuwar mijinta, suna gulmar gwamnati da ciwon gwiwa, shugabansu kuwa Saja Sanoh, tsohon ɗan sanda, mai kujerar da ba a taɓawa. Ranar da allo ya hau, Saja ya zo har bakin ƙofa, ya ɗaga kai ya karanta, ya wuce kamar mai neman wani gida. Sauran suka bi sahunsa. Kwana tara tana juya romo babu wanda zai ce mata ta cika gishiri don ta zage shi.

A na goma ta cire gyalen aiki ta nufi haikali, inda Saja ke cikin kwamitin dattawa. Ta same shi yana sharar ganye a tsakar fili.

"Yaya, mutuwa ka yi ba a gaya min ba?"

"Ƙanwata, yi magana a hankali. Nan wurin ibada ne." Ya jingina tsintsiya. "Kin san na ɗauki alkawura biyar a gaban babban malami. Na biyar, ba ni ba kayan maye."

"Yaushe ka ɗauka?"

"Shekara ashirin ke nan."

"To me kake ɗurawa a wurina shekara ashirin?"

"Romo."

"Romo! Wa ke kawo min ƙunshi a tsohuwar jarida duk ranar da kuka dawo daga samame?"

Saja ya waiga hagu da dama. "Na kawo wa matar abokina ganye. Ban tambayi me za ki yi da shi ba, ke ma ba ki faɗa ba. Haka mutanen kirki ke zama. Yanzu kin je kin rubuta da haruffa kamar ƙafar giwa. Makon jiya ni na tashi a taro na ce wannan doka za ta lalata mana yara, aka tafa min. In zauna ƙarƙashin wancan allon, da wace fuska?"

"Da wadda ka saba. Ba wani kyau gare ta ba."

Amma ta gane. Tana komawa ta sa Orathai ta sauke allon, ta aika wa ofishin lafiya cewa ta daina sa ganye. Kuma da gaske ta daina, don ita ba maƙaryaciya ba ce in ba dole.

Washegari da hantsi sai ga Saja, tsofaffi uku a bayansa. Ya zauna a kujerarsa kamar jiya ya tashi. Ya kai cokali baki, ya tsaya, ya sake kaiwa, ya ajiye.

"Ƙanwata, lafiya kuwa? Hannunki ya canja." Ya juya ga sauran da muryar tausayi. "Tsufa ne. Kowa zai je."

Pa Bunruan ta ci gaba da juya romonta. Gari na wayewa ta juya wa titi baya, ta leƙa ta kafaɗa, ta zaro ganye uku daga aljihun zane ta nutsa su ƙarƙashin ƙashi. Zuciyarta har bugawa take, abin da ta manta rabonta da shi.

"Mama," Orathai ta raɗa mata, "shago goma sha ɗaya ke sayar da wiwi a lungun nan da takardar izini. Ke kaɗai ce mai karya doka."

"Yanka albasa."

Ranar Alhamis ma'aikaciyar ta dawo tabbatarwa. Ta tsaya kan tukunyar tana shaƙar tururi, ta daɗe fiye da yadda Pa Bunruan ke so.

"Pa, kin tabbata an daina?"

Kafin ta buɗe baki, Saja Sanoh ya miƙe, taliya na lilo a gefen leɓensa.

"'Yata, shekara talatin na yi ina farautar wannan ganye. Daga nisan titi biyu nake jin warinsa. Ni mai alkawura biyar ne, kowa ya sani. Da akwai shi a nan, kya gan ni zaune?"

Yarinyar ta haɗa tafukanta ta rusuna wa dattijo, ta yi rubutu a takarda, ta tafi. Saja ya koma kujera, ya ɗanɗana romon, ya yamutsa fuska ya ce yau kam an cika gishiri.

"Uwarka ce ta cika," in ji Pa Bunruan, ta juya ga tukunya don kada ya ga bakinta.