Waya a Kife

Shekara tara Kafinta bai ambaci sunan ɗansa Auta ba. In matarsa ta ce yaron ya bugo waya yana gaishe shi, sai ya ce, "Na ji," ya ɗauki zarto ya fita.

Laifin Auta ɗaya ne. Shi Kafinta ya zaɓa ya gaje shi, don tun yana ƙarami hannunsa ya faɗa da aiki, kujerar da ya haɗa ba ta kuka. Rana ɗaya ya ajiye guduma ya ce zai tafi wani gari mai nisa ya koyi yoga, ya riƙa koya wa marasa lafiya. Uban ya tambaya mece ce yoga. Da aka yi masa bayani ya ce, "Miƙa ke nan. Kyanwa ma tana yi, ba ta je makaranta ba." Ya ƙara da cewa in Auta ya fita ƙofar nan, kada ya sake tako ta. Auta kuwa ya gaji taurin kan uban. Ya fita, bai tako ba.

Jiki magayi. Da Kafinta ya haura saba'in, baya ya riƙe, barci ya ƙaurace masa, jini ya hau. Matar ta ja shi asibiti yana ƙunƙuni. Likita ya auna, ya rubuta magani, sannan ya ce magani kaɗai ba zai yi ba, akwai damuwa a jikin nan.

"Baba, ka taɓa jin yoga? Motsi ne a hankali da jan numfashi. Tana taimaka wa irinku."

Kafinta ya ɗauki hularsa. A hanya ya ce wa matar, "Ke kika kitsa masa."

"Ni da ban san sunan likitan ba? Maigida, ka ji tsoron Allah."

Bayan kwana uku ta shigo shagonsa da ke bayan gida, wai tana neman almakashi. Ta fita ba almakashi, ta kuma bar wayarta a kan bencin aiki, wani bidiyo yana ta magana a ciki. Kafinta ya miƙa hannu zai kashe. Sai ya ji muryar.

"Ku zauna yadda ya yi muku daɗi. Ba gaggawa. Ku ja numfashi ta hanci."

Muryar ta yi kauri, ta nutsu, amma ita ce, muryar Auta. Har yanzu yana ɗan jan ƙarshen magana kamar uwarsa. Kafinta ya kifa wayar a kan bencin da sauri, kafin idonsa ya sauka a kan fuskar. Bai kashe ba. Ya tura ƙofar shago, ya sa sakata.

Haka abin ya zama kullum da hantsi. Matar ta manta wayarta, shi ya kifa ta. A ransa ya yanke cewa jin murya ba sulhu ba ne, rediyo ma ana ji. Gani ne bai yarda da shi ba. Ya share garin katako daga tsakar shagon, ya shimfiɗa tsohon bargo. Aka ce a ɗaga hannu, ya ɗaga. Aka ce a sunkuya, ya sunkuya gwargwadon yadda baya ya yarda. In muryar ta ce, "Madalla, kun yi ƙoƙari," sai ya ɗaure fuska, ya ce, "Wa ya tambaye ka?" Amma wani lokaci yakan tsaya bai yi motsin ba, yana sauraro kawai, yana ƙoƙarin gane ko yaron yana cin abinci, ko yana da mura, ko ɗakin da yake ciki babba ne.

Barci ya fara dawowa. Matar ta lura, ta ci gaba da manta wayarta.

Wahalar ɗaya ce. Auta yakan ce, "Ku sa hannu a nan, kamar haka." Ina ne nan? Yaya ne haka? Kafinta sai ya yi cinta, irin ta wanda ya shekara hamsin yana lanƙwasa abin da ba ya son lanƙwasuwa. Ran nan muryar ta ce a juya kai a hankali, a ɗora hannu a nan. Ya kama ƙeyarsa da tafin hannu ya murɗa kamar mai ɗaure noti. Wani abu ya ce ƙas. Ya zube a kan bargon, wuya ya ƙage yana kallon hagu, ko yatsa ya motsa sai ya ji har cikin haƙora.

Allah ya sa ran nan bai sa sakata ba. Matar ta shigo da kofin shayi, ta same shi a miƙe, gashinsa duk garin katako.

"Subhanallahi! Faɗuwa ka yi?"

"Hutawa nake."

"Da wuya a karkace kamar kazar da aka fasa yankawa?"

Ta durƙusa ta taɓa, ta ga jijiya ce ta hau, ba karaya ba. Hankalinta ya kwanta, bakinta ya buɗe. Ta dubi wayar a kife tana ta magana ita kaɗai.

"Au, haka kake yi? Mutane su ƙi ji su gani, kai ka ji ka ƙi gani. Girman kai rawanin tsiya, tsoho."

"Kawo min ruwan zafi, ki rage surutu."

"Zan kawo."

Kafin ta fita ta ɗauki wayar, ta jingina ta da gwangwanin gam a ƙasa, daidai inda fuskarsa ta ƙage.

"Ke! Ɗauke abin nan."

"In ka isa ka juya kai."

Ya rufe ido. Ya daɗe a haka. Amma ido ba ya jure rufuwa da rana, ga muryar kusa da kunnensa. Ya buɗe.

Mutum ne zaune a kan ƙaramar kujera ta katako, a ɗaki mai farin bango. Ba saurayin da ya fita da jaka ɗaya ba ne. Gaban kansa ya fara sanƙo. Akwai furfura a gemunsa. Furfura! Yaushe ta fito? Wa ya fara ganinta? Shekara tara yana fushi da yaro, ashe yaron ya tsufa a bayan idonsa. Ya dubi hannuwan, manya, masu faɗin yatsu, irin nasa. Auta ya ɗora biyu daga cikin yatsun a gefen haɓa, ko turawa bai yi ba, kai ya juya da kansa. Ashe wannan ne "haka" ɗin.

Sai kuma idon sana'a ya yi aikinsa. Duk lokacin da Auta ya karkata, kujerar tana rawa. Ƙafarta ɗaya ta gaza, an cusa mata takarda a ƙasa.

Matar ta dawo da tsumma da ruwan zafi, tana gasa masa wuya. Ta ga idonsa ya yi ja, ta ce garin katako ne, shi ma ya ce garin katako ne.

Sai washegari wuyan ya saku. Da hantsi ta zo za ta manta wayarta, ya ce, "Nemo min shi."

Ba ta tambayi wa yake nufi ba. Ta danna lambar Auta, ta miƙa masa, ta fita ta tsaya a bayan ƙofa.

"Inna, ina kwana? Lafiya da safen nan?"

"Ni ne."

Kafinta yana jin numfashin Auta, mai koya wa mutane numfashi ga nasa ya sarƙe.

"Baba?"

"Kujerar da kake zama a kanta. Wa ya yi maka ita?"

"Kujera? Saya na yi, Baba."

"An cuce ka. Ƙafar baya ta gaza. Kana ɗan kafinta kana cusa takarda, duniya tana kallo."

Auta ya yi wata dariya da ba ta gama zama dariya ba. "Ka gani ke nan?"

"Na gani." Ya yi gyaran murya. "Zan yi maka wata. Ba na ba direbobi kayana su karya. Mai ita ya zo ya ɗauka."

"In zo, Baba?"

"Kurma ka zama?"

"Zan zo. Ƙarshen wata zan zo."

"To. Ga uwarka, tana laɓe."

Ya miƙa wayar ta bakin ƙofa ba tare da ya leƙa ba. Ya nufi lungun da yake ajiye katakon da ba ya sayarwa, ya fara jawo su ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasawa yana saurare.