Hukuncin da Ke Jikin Bangon Fayil

Shugabar makaranta ta juyo masa da fuskar kwamfuta, ta ce, "Karanta da kanka, Malam Dogo."

Sunansa ne raɗau, da lambar ƙara, da tuhumar cewa ya buge mai keke ya gudu. Tunda aka zuba takardun kotu a intanet, kowa ya duba kyauta, iyayen yara suka samu abin yi, har wani ya tono sunan direban da ke kwasar 'ya'yansu.

"Ranki ya daɗe, shekara shida ke nan. An wanke ni, an kama mai laifin."

"Shafi goma sha ɗaya na karanta, ban ga inda aka wanke ka ba. Ni ban ƙi ka ba, amma iyaye sun sa ni gaba. Kawo takardar hukunci kafin ƙarfe huɗu, in ba haka ba ka bar mukullin motar."

* * *

A ofishin rajista na kotu, magatakarda ya sauke tabarau kan hanci, ya lalubo ƙarar a kwamfuta da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba. Ya kai shafin ƙarshe, ya yi tsaki.

"Wane alƙali ya yi maka shari'a? Tsohon nan mai tari?"

"Shi ne, yallaɓai."

"To, ka gamu da gamonka. Allah ya jiƙansa, shi a cikin bangon fayil yake rubuta hukunci da hannunsa, wai don kada takarda ta ɓalle ta ɓata. Su kuwa 'yan kwangilar ɗaukar hoton takardu, injinsu ba ya haɗiyar kwali. Sai suka yi ta yage bangaye suna jefarwa."

"Ba wanda ya gaya musu?"

"Wa ya tambaye mu? An ce mu tsofaffin hannu ne, mu matsa gefe."

Haushi ya turnuƙe Dogo. Wata bakwai ya yi yana zarya a wannan baranda kafin a ce ba shi da laifi, ga shi laifin ya hau intanet, wankewar ta tafi bola.

Wayarsa ta yi ƙara, matarsa ce. "Baban yara, maƙwabciya ta nuna min wani abu a waya. Har an fara yi wa Auta gori a famfo."

"Kulle ƙofa, ina zuwa." Ya kashe wayar.

* * *

Uku da kwata magatakarda ya buɗe masa sito a bayan kotu, inda aka yi ta jefa bangayen. Bangaye ne jibge har taga, dubbai, ruwan rufi ya manne su sun zama curi guda. Dogo ya durƙusa yana ɓamɓara, gara na zubo masa a hannun riga. Wani ya yage, wani ya marmashe. Ya ga an sallami wani, an raba wa wasu marayu gado, an mayar wa wata mata gonarta, duk a rubutun hannun tsohon, duk na bayin Allah da bai sani ba.

"Malam, lokacin tashi ya yi," in ji magatakarda a hankali. "Ka rubuto koke. Kwamiti na zama bayan wata uku."

Dogo ya fito titi da ƙura har gira. Motar makaranta ta zo wucewa, wani ne a kujerarsa. Yaran suka gane shi, suka yi ta ɗaga masa hannu ta taga, sai malamar da ke rakiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sauke hannayen.